Garmani ya cinye burtali, ya fara leƙo gona

(Wannan jawabi ne da aka yi a taron ƙungiyarmu na bazara, a ƙofar Mai gari, bayan sallar la'asar. Mai jawabin tsohon malamin gona ne, ɗan garin nan, wanda ya yi aiki a ƙasar Magariya da ta Dungas kafin ya huta. Magatakarda ya rubuta, mun buga domin ƴan'uwa da ke ci-rani su samu tun ba su dawo ba.)



Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Sarkin noma, Hardo da mutanensa da suka taso daga ruga, iyayenmu mata da ke bayan zana, da ku samari, ina gaishe ku, ina yi muku ban gajiya.

Da shugaban ƙungiya ya ce yau zan yi magana a kan ciyawa, wani abokin wasana ya ce ashe tsufa ya zo, mutum ya rasa abin faɗi sai haki. To, da hakin kirki ne da ban tsai da ku ba. Ina so ku tuna da bara. Sau nawa aka kawo ƙarar ɓarna a wannan ƙofa tsakanin noman fari da girbi? Mai gari ya sani, domin shi ya sha ranar. Kowace ƙara kuwa iri ɗaya ce: shanu sun bar burtali sun faɗa gonar da ke gefe. Muka yi ta zagin yaran kiwo, aka kama ƴan maruƙa, aka yi tara, har wasu gidaje biyu suka daina gaisawa. Amma mutum nawa a cikinmu ya taka ya je ya dubi burtalin da idonsa? Ni na je. Daga bakin rijiyar yamma har inda ya haɗu da babban burtali, ba abin da ke tsaye sai garmani, ya kai ƙugu, wani wuri ya kai ƙirji. Saniyar da ta yi yini tana tafiya cikin abin da ba ta ci, ga hatsi kore shar a hannun dama, ga wake a hannun hagu, yaro ɗaya da sanda ba zai tsare ta ba. Ko ni aka ba sandan ba zan iya ba.

Kowa a nan ya san garmani, ba sai na kwatanta shi da yawa ba. Ganyensa kamar zuciya, da laushin gashi a kai, furensa rawaya, saiwarsa guda ɗaya ta nutse ƙasa kamar turke. Masana suna kiransa Sida cordifolia, kuma sun sa shi gida ɗaya da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da auduga. In kun ɓare bawonsa za ku ga zare kamar na rama, to dalilin ke nan. Yana ko'ina a ƙasashe masu zafi, a Indiya ma magani suke yi da shi, suna ce masa bala. Nan ƙasarmu ya cinye makiyaya da burtuloli a jihar Dosso, da ta Maraɗi, da kudancin Tawa, da nan tamu ta Damagaram. Watau ba mu kaɗai aka jarraba ba.

Dattawan da ke zaune a nan shaida ne, da can akwai shi, amma a bayan gari yake, wajen juji da bakin rijiya, tushe ɗaya nan, ɗaya can. Ba wanda ya kula da shi. Bayan farin 1973, sa'an nan na 1984, aka fara ganin yana tafiya. Mutane da yawa suna cewa farin ne ya kawo shi. Ni a ganina fari ya buɗe masa ƙofa ne kawai, mu muka shigo da shi har ɗaka. Ga yadda abin ya faru.

Tun zamanin gujiya, lokacin da SONARA ke saye, aka yi ta sare daji ana mai da shi gona. Jama'a kuma ta ƙaru. A ƙidayar 2012 an samu mutum fiye da 570,000 a ƙasar Magariya, da fiye da 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikinmu a 2011. Yau wa ke barin gona ta huta? Saura ta ƙare. Bisashe kuwa ba su ragu ba, domin kowace mace a garin nan tana da akuya ko tunkiya, kowane magidanci yana son shanun amalanke. To, da damana, sa'ad da aka rufe gonaki, duk waɗannan bisashe, namu da na baƙi masu wucewa, ina za su? Burtali da ɗan hurumin da ya rage. Ruwan fari na sauka, kyasuwa da komayya da gadagi da harƙiya su tsiro tare da garmani. Dabba ta zaɓi mai daɗi ta cinye tun yana jariri, tun bai fid da kai ba, balle ya zuba iri. Garmani kuwa ta shinshina ta wuce. Kaka na yi, wa ya zuba iri a wurin? Garmani kaɗai. Baɗi ciyawar kirki ta ragu, shi ya ƙaru. In aka jera shekara goma a haka, irin ciyawar kirki ya ƙare a cikin ƙasar ɗungum, ko an kori bisashen ba abin da zai fito sai shi. Da ya yi yawa kuma inuwarsa ta rufe ƙasa, ɗan abin da ya tsiro a ƙarƙashinsa ya shaƙe.

Ina roƙon samari, in kaka ta yi, kowa ya tsinki ɗan garmani busasshe guda ɗaya ya murza a tafin hannu. Za ku ga ya rabu kamar ɓarin lemo, kashi 8 zuwa 10 ko fiye kaɗan, kowane kashi da ƙwayar iri ɗaya a ciki, da ƴan ƙahoni biyu a kai masu ƙaiƙayi. Waɗannan ƙahoni su ne ƙafafunsa. Da su yake maƙale wa gashin tunkiya, da jelar saniya, da bakin wando, da buhu. Wanda dabba ta haɗiye cikin harawa kuwa, ɓawonsa tauri gare shi, yana fitowa cikin kashi da ransa. Sa'an nan ku ƙirga ƴaƴa nawa ke jikin tushe guda, ku yi lissafin da kanku. Kuma ba duka ke tsirowa shekara ɗaya ba, wani yana kwance cikin ƙasa sai baɗi, wani sai baɗin baɗaɗa. Saboda haka abokin gabanmu iri ne. Itacen da kuke gani tsaye, in ya riga ya zuba, gawa ce, ya gama aikinsa.

Ni da kaina sai da na yi ɓarna kafin in gane wannan, kuma gara ku ji daga bakina. Wata shekara ina bakin aiki, wani poroje ya kawo kuɗi a share makiyaya a wani gari da ke gabas da nan. Kuɗin bai iso ba sai bayan girbi. Aka ce a kashe shi kafin ƙarshen shekara, ni kuma ban yi gardama ba, domin mutane suna bukata, ni ma ina son a ce na yi aiki. Muka fito da adduna da lauje, maza da mata, muka sare garmani busasshe, muka jawo shi a ƙasa muna tarawa, muka sa wuta. Aka ɗauki hoto, hili fes. Kowace jawowa da muka yi, ashe shibka muke yi. Damana na zuwa ya fito kamar an yafa shi da hannu, har a gefen da da babu shi, domin ta nan muka bi da shi zuwa wurin ƙonawa. Wani tsoho ya tare ni a kasuwa ya ce, “Mushe, Allah ya saka, bana garmaninmu ya yi kyau.” Ban samu abin ce masa ba.

To, yaushe ne lokacinsa? Tsakanin tsirowa da fure. A nan wajenmu yana fitowa da ruwan shibka, ya fara fure wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ƴaƴan su nuna da kaka. Watau kwanakin da muke da su suna cikin Yuli da farkon Agusta. Na san abin da za ku ce, lokacin ne kowa ke kan noman fari da maimai, ba mai ɗaga kai. Gaskiya ne, kuma shi ya sa garmani ya ci mu shekara da shekaru, yana girma daidai lokacin da hannunmu ke cike. Amma aikin yini ɗaya cikin Yuli ya fi na kwana goma da kaka. Sa'ad da yake ɗan ganye huɗu ko shida, hauya tana kwashe shi kamar kowane haki, rana ta gama da shi. In ya kai gwiwa, hauya ba ta isa ba, sai tugewa. A jira washegarin ruwa, ƙasa ta yi laushi, a kama shi daga gindi a fizgo da saiwa. Kada a sare shi sama-sama da adda, domin in saiwar tana nan zai toho da rassa uku ko huɗu maimakon ɗaya, ya yi fure a gajerce, ya zuba irinsa kamar ba a taɓa shi ba. Inda ya yi kauri ƙwarai, hannu ba ya iyawa, garmar shanu ta fi, a kife shi tun yana ƙarami. Sai dai mai garma ya buɗe ido, kada ya kife ƴan gawo da ƴan kalgo da suka tsiro a ciki.

Wanda aka tuge babu fure, a bar shi nan a ƙasa ya bushe, zai rufe ƙasa ya zama taki. Wanda aka makara har ya ɗaura ƴaƴa, kada a ja shi. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma, a ɗora a kai, a ƙone shi nan kusa, wuri ɗaya, a kuma sa alama a wurin domin a dube shi baɗi.

Yanzu ga inda mafi yawan masu wannan aiki suke faɗuwa. An tuge, hili ya yi fari, kowa ya koma gida. Me zai fito a wurin? Na riga na gaya muku irin ciyawar kirki ya ƙare a ƙasar. Ƙasa kuwa ba ta zama tsirara da damana, dole wani abu ya rufe ta, kuma abin da ke ajiye a cikinta shi ne garmani. Saboda haka tugewa rabin aiki ce, sauran rabin shibka. Mu manoma muna jin kunyar a ce mun shibka haki, amma dole mu koya. Da kaka, cikin Oktoba, yara da mata su tara irin kyasuwa, da na komayya wadda wasu ke kira burburwa, da gadagi, da guɗe-guɗe, daga gefen gonaki da bakin fadama inda suka rage. A zuba a buhu a rataye inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Ko ƙarangiya kada ku raina, duk ƙayarta dabba tana cinta tana ɗanya, tana cin busasshiyarta, kuma tana kama jigawa da sauri. Ranar da aka tuge garmani, ranar za a yafa irin, a ja ƙaya ko reshe a kai don ƙasa ta ɗan rufe shi. Gamba kuma ba sai da iri ba, a tsaga tushenta cikin marka a dasa a jere a bakin burtali, ta zama iyaka, ta zama zana, ta zama abinci. Bana da ba mu tara iri ba, sai mu nema wajen waɗanda suka ajiye ciyawa a kan rumfa, a kakkaɓe ƙasan, abin da ya zuba duk iri ne.

Hardo zai tambaye ni, in an shibka, ina shanu za su bi? Tambaya ce mai kyau, domin ciyawar da aka shibka in ba a bar ta ta zuba iri ko sau ɗaya ba, an yi aikin banza. Makiyaya ana iya rufe wani yanki nata damana ɗaya ko biyu. Burtali kuwa hanya ce, ba a rufe hanya. Abin da nake gani shi ne a raba shi biyu a tsaye. Bana a gyara gefen arewa, a kafa masa ƙaya, bisashe su bi ta gefen kudu. A can ma a tuge garmanin don kada ya zuba, amma ba za a sa rai da ciyawa ba. Baɗi a juya. Wannan ba ya yiwuwa sai da yardar masu shanu, kuma ba yardar baki ba, sai an zauna da su an auna faɗin da garke zai iya bi ba tare da ya matsu ba. Su suka san wannan, mu ba mu sani ba.

Kada kuma wani ya zaci shekara ɗaya ta isa. Irin da ke kwance zai yi ta fitowa. Ku sa a ranku damana uku a jere, ta fari mai wuya, ta biyu da sauƙi, ta uku yara ma sun isa. Bayan nan sai tsince ɗaiɗai kowace shekara. In aka tsallake damana ɗaya a tsakiya, an koma farko.

Samari sun tambaye ni maganar feshi, domin suna ganin ana yi a ƙetaren iyaka, ga kwalabe kuma cike da kasuwa. Ban ce magani ba ya kashe garmani ba. Akwai mai suna 2,4-D, wanda ke kashe mai faɗin ganye ya bar mai siririn ganye. Amma gadagi mai faɗin ganye ne, wake ma haka, yakuwa da riɗi da ƴan itatuwa duk haka, iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. Akwai glyphosate, shi ba ya zaɓe, duk abin da ke kore ya tafi. Akwai kuma paraquat, wanda ƙasashen CILSS, har da tamu, suka hana tun 2011 saboda dafinsa ga mutum, kurɓa kaɗan tana kisa kuma ba shi da makari. Duk wanda ya kawo muku shi, ku mayar masa. Ban da wannan duka, magani ba ya taɓa irin da ke cikin ƙasa, kuma ba ya shibka ciyawa. Burtali wurin da bisashe ke bi ne kullum, yara na biye da su ba takalmi, rijiya na kusa. Ni dai ban ba da shawarar a yi feshi a can ba. Wanda ya nace zai yi a gonarsa, ya fara zuwa wurin malamin gona na kwamin ya nuna masa kwalbar.

Wani ya ce ya ji a rediyo ana sakin ƙwaro ya cinye ciyawa. An yi haka. A Ostareliya, a 1989, sun kawo wani ƙwaro daga Meziko suka sake shi a kan wani ɗan'uwan garmani mai siririn ganye, ya kuwa rage shi sosai. Amma wancan ɗan'uwan yake so, ba namu mai gashi ba. Kada mu zauna jiran ƙwaro.

Tun da muna maganar burtali, bari in ambaci abokin tafiyarsa, kashin yawo. Shi baƙo ne na sosai, daga Amurka ta Kudu ya fito, kuma sunan da Bahaushe ya ba shi ya isa bayani. Duk wanda ya taɓa cire shi daga gashin tunkiya ko daga tsakanin kofaton akuya ya san shi. Dabba ba ta sonsa, in yunwa ta sa ta ci da yawa yana taɓa mata hanta, yana kuma ɓata harawa da ciyawar da aka tara. Maganinsa ɗaya da na garmani, a cire shi tun bai yi ƙaya ba, ya ma fi sauƙin tugewa. Danginsa a Turai wata ƙaya ce mai jan fure da ke cin makiyayarsu kamar yadda garmani ke cin tamu. A Ingila har doka suka yi a 1959, wadda ta ba hukuma iko ta rubuta wa mai gona takarda ta tilasta masa ya hana irin waɗannan ciyayi yaɗuwa daga gonarsa. Abin da ya sa na kawo wannan, su ma sun gane cewa mutum ɗaya mai sakaci ya isa ya shibka wa gari duka.

To, mu shigo gona. Garmani ba ya son inda hauya ke bi sau biyu a damana, shi ya sa ba ku gan shi a tsakiyar hatsi ba tukuna. Amma ku dubi iyakokin gonaki, da gindin itace, da gonar wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba, da inda aka zuba taki. Takin da muke kwasowa daga turke da amalanke, da wanda shanu ke bari in sun kwana a gona bayan an saki gonaki, yana ɗauke da irinsa. Ban ce a daina kai taki ba, wanda ya daina ya kashe gonarsa. Abin da na ce, a zuba shi a rami, a jiƙa, a juya, ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai, zafin yana kashe iri da yawa. Kuma duk inda aka juye amalanke, a fara kai hauya can.

Takin nan kuwa shi ne ya kawo ni kan ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, domin ba zan sauka ban taɓa shi ba. Shi ba baƙo ba ne, tare muka gan shi da kakanninmu, amma ya fi garmani mugunta a gona. Irinsa kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana iya zuba 50,000 ko fiye, kuma yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji wani ruwa da saiwar hatsi ko ta dawa ke fitarwa. Da ya ji, sai ya tsiro ya kama saiwar ya yi ta tsotso a ɓoye wata guda ko fiye kafin ya leƙo sama. Lokacin da kuka ga jan furen nan, ɓarnar bana an riga an yi ta. Shi ya sa mutane ke cewa tuge shi ba ya ƙara dami. Ba ya ƙara na bana, gaskiya ne. Na baɗi da na ƴaƴanka kake tugewa domin su. A cire shi da ya fara fure, a fid da shi daga gonar a ƙone, domin in an yar a nan yana iya ƙarasa nunar da irinsa yana kwance. Ya fi son gonar da ta gaji, saboda haka taki maganinsa ne. Masu bincike na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna ko ɗan kaɗan na zamani yana taimako in an sa shi a ramin shibka: giram 6 na 15-15-15, watau cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku suka ɗauka. A can ne kuma aka gwada aka ga hatsin da ya biyo bayan riɗi ƙudujinsa ya ragu ƙwarai. Mutanen Dungas da suka riƙe riɗi ba su yi wauta ba. Wake yana da nasa ƙudujin dabam, akwai kuma irin wake da ke jure masa, kamar IT97K-499-35, ku tambaya a wurin masu sai da iri. Amurka ma, da duk kuɗinta, wani irin ƙuduji ya shiga mata masara a jihar Karolina, aka gano shi a 1956, ta yi shekaru fiye da 50 tana fama kafin ta kusa gamawa da shi. Mu da hauya za mu yi, sai mu yi haƙuri daidai da haka.

Iyayenmu mata za su ce kada a ƙarar musu da garmani, da shi suke tsintsiya, ana igiya da bawonsa, ana asabari da karansa. Kada ku damu, ba zai ƙare ba. Har ma an gwada shi a abincin turka: masu bincike na ƙasarmu sun busar da ganyensa, suka niƙa, suka haɗa da dussa da sauran kayan ƙiba suka ba ragunan Balami a jihar Dosso, aka buga sakamakon a 2016, an kuwa ga ana iya sa shi a ciki. Mai son ya gwada, ya yanka tun kafin fure, ya shanya a inuwa, ya fara da kaɗan cikin dussa ya ga yadda dabbarsa za ta karɓa. Roƙona ɗaya ga masu tsintsiya, ku yanke shi ɗanye. Busasshen da kuke ɗaukowa da kaka a ka, kuna tafe yana zuba, tun daga burtali har tsakar gida.

Saura magana mai ɗaci, Mai gari ka yi mini izini. Burtalin nan da nake cewa a raba biyu, a wani wuri ba abin da za a raba, domin mu manoma mun cinye shi. Kowace shekara a ƙara kunya ɗaya, a ce ai garmani ne kawai a wurin, ba abin da dabba za ta ci. Garmani ya zama hujjar mai cin burtali, burtali kuwa in ya matse, tattakewa ta ƙaru, garmani ya ƙaru. Dokar ƙasa a fili take. Tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da ta kiwo ta 20 ga Mayu 2010, burtali da makiyaya kayan jama'a ne, ba mai ikon nome su ko sai da su. Muna da kwamitin ƙasa na gari, wanda ake kira Kofo, Mai gari ne shugabansa, akwai na kwamin a sama da shi. Kafin a sa hauya, ya kamata su fita da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, da Hardo, a bi ta da ƙafa. Wanda ya shiga ya ja da baya tun ba a shibka ba, ya fi sauƙi da a zo a ce ya tuge hatsi.

An kuma tambaye ni ko za a biya. Ba ni da labarin wani kuɗi, kuma na gaya muku abin da jiran kuɗi ya jawo mini. Ku ɗaga kai ku dubi gawon da ke gonakinmu. Bayan 1984 ƙasar nan ta kusa zama fako. A 2006 masu bincike suka zo suka auna, suka ce a Magariya da Matamaye da Mirya gonakin da itace ya dawo cikinsu sun kai wajen hekta miliyan ɗaya, har ana zuwa daga wasu ƙasashe a gani. Wa ya biya ubanninku suka bar ƴan gawo suna sassabe? Sun ga amfaninsa ne, ga taki, ga ƴaƴan da bisashe ke ci da rani. In wani poroje ya zo daga baya da taimakon iri ko na garma, muna so, amma ya same mu a kan aiki, kuma a lokacin da mu muka san ya dace.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya ta tsayar yau. Fitar Kofo ta kasance cikin makon nan, tun ruwa bai sauka ba. Gayya ta fari kwana 20 bayan shibka, ta biyu bayan maimai, tun ba a ga fure ko ɗaya ba. Kada a sa ranar Alhamis, domin ƴan Maigatari ba za su zo ba. Sarkin noma ya zaɓi wata rana, a yi daga hantsi zuwa azahar. Kowane gida mutum ɗaya da hauya, ruga ma haka, masu shanun garma su zo da su, a ɗauke musu kawo mutum. Mu fara daga bakin rijiyar yamma zuwa tsamiya, kada mu ɗauki abin da ya fi ƙarfinmu a shekarar fari. Wanda gonarsa ke bakin burtali, taki goma daga iyakarsa nasa ne, shi zai tsare. Mai ciyawa a kan rumfa ya kakkaɓe ƙasanta ya kawo wa magatakarda, akwai buhuna a ɗakin ƙungiya. Maganar kacalla da ta rufe fadama, wadda mutanen unguwar gabas suka tayar, sai taro mai zuwa, rana ta yi ƙasa.

Liman, a yi mana addu'a.